Kada Mu Bar Dattawan Kara A Baya



Mu da muka taso a wannan sana'a mun san lokacin da falke zai ɗaure kuɗinsa a ƙugu ya tashi daga Damagaram zuwa Maigatari cin kasuwar Alhamis. To, zamani ya juya. Tun farkon 2023, da aka yi ƙarancin takardun naira a Nijeriya bayan sauya fasalin kuɗi, ciniki mai yawa ya koma cikin salula. Ana nuna bijimi a WhatsApp, ana biya ta taransifa.

Yaranmu sun iya. Amma dattawan da suka koya mana duba haƙorin sa mu faɗi shekarunsa, yawancinsu sai su miƙa wa yaro waya su ce, "Duba mini ko kuɗin ya shigo." Jama'a, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Da idonmu mun ga wani dattijo ya sallama shanu shida saboda saƙon da aka nuna masa cewa an biya. Sai da mota ta yi nisa aka gane alat ɗin na bogi ne. Jarin shekaru ya tafi, ga bashin Fulanin da suka ba shi amana.

Wasu na cewa gara tsoho ya bar waya kurum. Mu ba mu yarda ba. Wanda ya bar waya yau ya bar kasuwa, kuma asirin dukiyarsa ya koma hannun wani. Koya musu za mu yi, a tsanake, ba da dariya ba. Rashin karatun boko ba ya hana: akwai saƙon murya, kuma wanda ke lissafin canjin sefa da naira a ka ba zai kasa riƙe lamba huɗu ba.

Ga abin da ya kamata kowane dattijo ya haddace:

Na ɗaya, saƙo ba kuɗi ba ne. Kada dabba ta hau mota sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin ya ƙaru.

Na biyu, lambar sirri kamar makullin ɗaki take. Banki ba ya kira ya tambaye ta. Haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa: wanda ka karanta masa su ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka.

Na uku, in abokin ciniki ya aiko da sabuwar lambar asusu, kira shi a tsohon layinsa ka tabbatar. Yau har muryar mutum ana kwaikwaya da kwamfuta.

Na huɗu, bidiyo ba ya nuna ciwon ƙafa. Tura fatomanka ko dillalin da ka sani ya taɓa dabbar kafin ka biya.

Addininmu ya riga ya koya mana wannan tsantseni: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Muna kira ga shugabannin ƙungiya da sarakunan kara su ware rabin awa bayan La'asar ranar kasuwa, a zaɓi samari biyu amintattu su zauna da dattawa. Sharaɗi ɗaya: dattijo ne zai riƙe wayarsa, shi zai danna, kuma ba mai leƙa lambarsa. Wanda aka cuta ya faɗa a fili, ba abin kunya ba ne. Shirunsa ne ke ba ɓarawo damar cutar na gaba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncin iyayenmu, amin.