Doki a dara, sis a ludo: wa zai yanke hukunci?

Ƴan kasuwa, iyayena mata, yau maganar wasa na kawo muku, amma wasan da ke sa maƙwabtan rumfa su yi sati ba gaisuwa.

Duk mai ratsa Katako ko Wadata in ciniki ya lafa ya san abin. Maza sun duƙa kan dara, wadda Zabarmawa ke kira dili: gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin karawarka. Nan babu gardama. Rigima tana tashi ne kan abin da ba a faɗa ba. In huɗu suka jeru, ci ne? Ɗan da ke cikin jeren uku, ana taɓa shi? Doki fa, wato ɗan da ke kai da komo tsakanin jere biyu, kowane taku da ci, a bar shi har dara ta ƙare ko yana da iyaka? Mutumin Maraɗi ya rantse haka ya gada, na Dosso ya ce a garinsu ba a yi.

Ɓangaren mata kuma ludo ne. Wata ta ce ƴaƴanta biyu a gida ɗaya katanga ne, ba mai wucewa. Wata ta ce sis uku a jere ya ƙone. Kuma fa sai an aza dala ashirin-ashirin sannan kowa ke tuno dokar garinsu!

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka akwai Dungeons & Dragons, wasan da ya fito a 1974, inda ake zama kan tebur kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko boka mai irin ƙarfinsa. Littattafan dokarsa manya ne, duk da haka ana musu kan abin da jarumi zai iya. Dabararsu ita ce mai jagorancin wasa ya yanke, a ci gaba. To in rubutacciyar doka ba ta kashe gardama ba, ina ga tamu ta baka?

Ra'ayina shi ne, wanda ci ya zo gabansa ba shi da bakin fassara doka. Ku da kuke awo kun fi ni sani: tiya a cike da tozo ko a shafe, kafin a kwance bakin buhu ake yin wannan magana. Haka ya kamata a yi kafin a kasa dara. Mai rumfa ya faɗi dokar rumfarsa, baƙo ya yarda ko ya tashi. In abin da ba a zata ba ya taso a tsakiya, dattijon da ke kallo, wanda bai sa ko dala ba, shi zai yanke. Hukuncin nan kuma ya zauna har a tashi kasuwa, ko da mai rumfa ne zai faɗa cikinsa a zagaye na gaba.