"Ana Kan Aiki": Kalmar da Ke Binne Koke



Bara, mu 'yan kaɗan da muka yi difloma a fannin kwamfuta muka haɗa wa wata ƙungiyar manoma da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa 'yar manhaja ta karɓar koke. Manomi zai zo ya ce takinsa bai iso ba, ko tuƙa-tuƙar unguwarsu ta daina kawo ruwa, sakatare ya shigar a waya. Matakai uku muka ba kowane koke: "sabo", "ana kan aiki", "an gama". Mun ɗauka mun burge.

Kafin a yanke gero, kusan duk koken sun taru a matakin tsakiya, sun kwanta. Laifin namu ne, ba na sakatare ba. Shi ɗan garin ne, a nan gonaki kafaɗa da kafaɗa suke, kowa ɗan uwan kowa ne. Mai koken nan kawunsa ne, wancan surukinsa. Da wane ido zai ce musu abin ba zai yiwu ba? Mu kuma sai muka miƙa masa kalmar da za ta rufa masa asiri, wato "za a duba" ta zamani. Wani dattijo ya riƙa jiran taki har aka yi maimai, bai nema a kasuwa ba, don wayar ta ce ana kan aiki.

Masu ƙera manhaja sun daɗe da gano wannan rami. Bugzilla, wadda Mozilla ta fitar a 1998, tana da matakin da ke cewa ƙarara ba za a gyara ba, kuma ta raba "an warware" da "an tabbatar". Phabricator, inda Wikimedia ta mayar da kokenta a 2014, kuma nan ake kai matsalolin Wikipedia ta Hausa, tana da matakin "ya cije" da na "an ƙi". GitHub ma a 2022 ta ƙara damar rufe koke da cewa ba ya cikin shiri.

Da rani muka rushe tsarin. Yanzu koke ba ya barin "sabo" sai an rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da zai kawo bayani. In ya tsaya, sai a faɗi abin da ya tsayar da shi: kuɗi ne, ko kayan gyara sai an je Kano. Mun ƙara "lokaci ya wuce", domin damina ba ta jiran kowa, irin da ya iso a watan Satumba ba a ce an biya buƙata ba. "An gama" kuwa mun ƙwace shi daga hannun mai gyara, mai koke ne kaɗai zai rufe.

Wasu a cikinmu sun ce matakan sun yi yawa, kuma faɗa wa babba "a'a" a rubuce rashin kunya ne. Ta farkon muna da ja, ta biyun kam akwai ƙamshin gaskiya. Amma wanda aka ce wa a'a da wuri yakan sayar da akuya ya sayi takinsa.

Me ya kawo wannan zauren marubuta? Aikin duk na zaɓen kalma ne, lambobin kwamfutar ba su ci mana yini biyu ba. Sannan mu ma muna da namu "ana dubawa". Labarai nawa ƙannenmu suka turo a gyara musu, suka shekara ba a ce musu ci kanku ba?

Har yanzu mataki ɗaya ya gagare mu suna. "Ba za a yi ba" ya yi kaushi, sakatare ya ƙi taɓa shi. "Bana babu hali" ya yi laushi, wasu na jin sa kamar alƙawarin baɗi. Muna neman kalma uku ko huɗu da za a karanta wa dattijo a zaure ya gane an ƙi, ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba. Wanda ke da ita ya taimaka mana kafin ruwan shuka ya sauka.