Wa'azin neman jagorar Allah: A faɗa wa matasa cewa "dakata" ma amsa ce

Duk ranar Lahadi, a majami'un Maraɗi, Tsibiri, Galmi, Damagaram da Yamai, da wuya a tashi sujada ba a taɓo maganar addu'a da neman nufin Allah ba. A cikin masu saurare akwai matashin da ya kammala karatu bai samu aiki ba, akwai kuma wanda ya riga ya sayar da babur ɗinsa yana jiran ranar kama hanyar Agadas. Abin da fasto zai faɗa masu a wannan sa'ar yana iya zama sanadin tafiya ko zama, don haka maganar ba ƙarama ba ce.

Matsalar ita ce wani salon wa'azi da ya bazu, musamman a bidiyoyin Facebook, TikTok da WhatsApp, inda ake nuna cewa duk wanda ya yi azumi ya yi addu'a da ƙarfi to ƙofa ta buɗe, biza ta fito, arziki na tafe. Wasu har da neman "iri", wato kuɗin da za a ba mai wa'azi don amsa ta yi sauri. Matashin da dama zuciyarsa ta riga ta tafi sai ya ɗauki wannan a matsayin izini daga sama.

Amma Littafi Mai Tsarki da waɗannan masu wa'azi ke riƙe da shi ya nuna wani abu dabam. A sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni, Bulus da abokan tafiyarsa sun yi niyyar shiga ƙasar Bitiniya, aka hana su, sai daga baya hanyar Makidoniya ta bayyana. Bulus ɗin nan ya roƙi Allah sau uku ya ɗauke masa wata wahala, ba a ɗauke ba. Yesu Almasihu kansa, a lambun Getsamani, ya miƙa wuya ga nufin Allah a kan abin da ransa ke so. Sarki Sulemanu kuma hikima ya roƙa, bai roƙi dukiya ba. Ke nan mai neman jagora da gaske dole ya shirya jin "a'a" ko "dakata". Musulmi sun san wannan a sallar istihara, inda bawa ke roƙon a kawar masa da abin da yake so idan ba alheri ba ne gare shi.

Nijar ta san kuɗin da ake biya idan aka kama hanya da ido rufe. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Tun da aka soke dokar hana safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, hanyar Agadas ta sake buɗewa, yayin da Aljeriya ke ci gaba da koro mutane zuwa Asamaka. Hamada ba ta tambayar addinin matafiyi.

Wani zai ce ai addu'a ce kaɗai ta rage wa talaka, bai kamata a karya masa gwiwa ba. Gaskiya ne, kuma akwai 'yan ci-rani da suka tafi suka gina gidaje suka ɗauki nauyin iyaye. Babu mai cewa a daina addu'a ko a daina tafiya. Abin nema shi ne fasto ya haɗa addu'a da tambayoyin da uba nagari zai yi wa ɗansa: da takardu za ka tafi? Wa zai tarbe ka? Bashin wa ka ci? Ka nemi shawarar wanda ya je ya dawo? Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Majami'u suna da hanyar yin haka. Tarurrukan matasa na tsakiyar mako za su iya gayyato waɗanda aka koro daga Libiya ko Aljeriya su ba da labarinsu yadda yake. 'Yan Nijar mazauna waje da ke tura bidiyon wa'azi ga ƙannensu su ma su riƙa faɗin wahalar da suka sha kafin su samu abin da ake gani a hoto. Shugabannin majami'u kuwa su fito fili su raba kansu da masu sayar da amsar addu'a, domin in yaro ya ɓace a hamada, uwarsa gun faston unguwa za ta zo kuka, ba gun mai bidiyo ba.