Sama Ta Gani, Saura Masu Tsaro A Ƙasa

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin hukumomi a kan amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano tsofaffin wuraren tarihi da kuma kare su daga ɓarayi.

Yadda abin yake shi ne, ginin tubali da ƙasa ta binne yana riƙe laima ba kamar ƙasar da ke kewaye da shi ba, don haka ciyawar da ta tsiro a kansa takan bambanta. Mai tafiya a ƙafa ba zai lura ba, amma daga sama sai a ga layin bango da lunguna tsaf. Ta haka ne Sarah Parcak, malama a wata jami'ar Alabama ta Amurka, ta fito da taswirar titunan tsohon birnin Tanis na Masar. Ta kuma gwada hotunan Masar daga 2002 zuwa 2013, ta nuna cewa haƙar sata ta ƙaru tun 2009 da tattalin arziki ya taɓarɓare, ta kuma ƙara muni bayan juyin juya halin 2011.

A Siriya ma haka. Hotunan birnin Afamiya na 2011 da na 2012 sun nuna yadda cikin 'yan watanni wurin ya koma kamar rariya saboda ramukan ɓarayi. A 2015 da hoton tauraro Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar cewa 'yan ISIS sun rusa haikalin Bel na Tadmur. To amma fa jama'a, hoton bai hana komai ba. Shaida kawai ya bayar bayan an yi ɓarna, domin babu mai tsaro a ƙasa.

Nan ne abin ya shafe mu. A shekarun 1990 an yi ta haƙe gumakan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna ana fita da su Turai, har wasu suka bayyana a gidan tarihi na Louvre a Faris a 2000. Ga ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa, an ɗebi ƙasarta, an yanka filaye, an gina shaguna a kanta. Alhali a 1995 Amurka ta saki hotunan leƙen asiri na Corona da aka ɗauka daga 1960 zuwa 1972. Irin waɗannan tsofaffin hotuna, in an jera su da na Google Earth, za a san abin da aka ci da lokacin da aka ci shi.

Mu ma ai ba baƙi ba ne a wannan fage, tunda an harba NigeriaSat-1 a 2003, aka bi da NigeriaSat-2 a 2011. Don haka ina kira ga hukumar sararin samaniya ta NASRDA da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su haɗa kai, su riƙa duba wurare irin su Surame da Kufena da ƙasar Nok kowane wata uku. In an ga sabon rami, a sanar da hakimi da dagaci da 'yan sanda tun ƙasar ba ta bushe ba. A kuma ɗauki samarin ƙauyukan aikin gadi da albashi, domin talauci ne ke sa mutum ya sayar da tarihin kakanninsa a kan kuɗin buhun masara.

Allah Ya sa masu iko su ji, amin.

Naku,
Mai kishin tarihi,
Zariya, Jihar Kaduna.