Mas'alar Wayar Iska Ta Sojan Ƙundumbala



Dalilin wannan rubutu shi ne, ran nan bayan an tashi karatun dare samari suka taru a zaurena, sai ɗayansu ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton nan da ya shahara na Shugaba Obama da manyansa, sun cika wani ɗan ɗaki a Washington, sun zuba wa allo ido. Watau daren da sojan ƙundumbala na Amurka suka faɗa gidan Usama bin Ladan a Abbottabad ta Pakistan, cikin watan Mayu na 2011. Yaron ya ce, "Malam, dubi iko! Da sojanmu na da irin kayan nan, ai da an gama da 'yan ta'adda cikin wata guda." Na ce masa ban yarda ba. Tun da ya ke dare ya yi, ban ba shi hujja ba sa'an nan. Ga ta yanzu.

Sai mu fara sanin abin da mu ke magana a kansa, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sawwara shi ba. Sojan ƙundumbala ayari ne ƙarami, mutum huɗu, ko takwas, ko goma sha biyu, a kai su can bayan abokan gaba a ajiye. Ba su da yawan da za su tsaya wa runduna. Ƙarfinsu duka yana ga iya kiran wanda ya fi su ƙarfi, jirgin yaƙi, ko jirgi mai saukar ungulu da zai kwashe su, ko likita. Saboda haka akwatin rediyon da ɗayansu ke goye da shi ya fi bindigoginsu daraja.

Hanyoyin maganar kuwa uku ne, kamar yadda wani tsohon almajirina da ya yi aikin sigina a soja ya warware mini. Akwai oba-oba ta tsakaninsu, wadda maganarta ke tafiya miƙe kamar gani, dutse ya tare ta, kwari ya haɗiye ta. Akwai gajeren zango, irin wanda mu ke kama tashoshin nesa da shi: maganar ta hau sama, ta bugi wani rufi na iska da ke can bisa, ta komo ƙasa a wuri mai nisa. Amma rufin nan yana sākewa tsakanin dare da rana, don haka mitar da ta yi aiki da hantsi ba lalle ta yi da tsakad dare ba. Sa'an nan akwai tauraron ɗan Adam. Waɗansu taurarin suna tsaye bisa tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, sai soja ya buɗe eriya kamar laima ya fuskantar da ita gare su. Waɗansu kuwa na kusa ne, kamar na Iridium, guda 66 masu kewaya a nisan kilomita 780 ko kusa da haka, wannan na faɗuwa wancan na hudowa.

Kuma don kada abokin gaba ya saurara ko ya toshe, rediyon zamani ba ta zama a mita ɗaya. Tsalle ta ke yi daga wannan zuwa waccan, wajen sau ɗari cikin daƙiƙa ɗaya ta agogo, maganar kuma an kulle ta da ramzi. Sharaɗin shi ne mai faɗi da mai ji su kasance da mabuɗi ɗaya da lokaci ɗaya. In suka saɓa, ko suna ganin juna da ido, kurma ne da bebe. Lalle hikima ce babba, ban raina ta ba. Amma ku riƙe sharaɗin nan, zama a nan maganata ta ke.

A watan Janairu na 1991, lokacin yaƙin Kuwait, Ingila ta sauke mutum 8 daga zaratan sojanta na SAS a hamadar yammacin Iraƙi, don su nemo motocin harba makamai masu linzami na Saddam. Sunan ayarin Bravo Two Zero. Da aka gano su, suka buɗe rediyo, shiru. Ashe mitocin da aka rubuta musu ba su dace da wurin da aka kai su ba. Uku suka mutu, biyu daga ciki sanyi ne ya kashe su, ba harsashi ba. Aka kama huɗu. Ɗaya ya taka da ƙafa wajen kilomita 300 har ya shiga Siriya. Mu da muka tashi da tawada da allo mun san wannan ciwo. Ɗigo guda magatakarda zai ɗora bisa harafi, rahama ta koma zahama. Akwatin nan ba abin da ya same shi, wanda ya kwafi lamba ne ya yi kuskure, yana zaune a inuwa. Daga baya ma, a 2002, BBC ta watsa wani shiri inda aka ce waɗansu kiraye-kirayen nasu sun isa, ba a dai tashi da gaggawa ba. In haka ne, to, abin ya fi muni.

A watan Maris na 2002 kuma, a kan dutsen Takur Ghar na Afghanistan, wani sojan Amurka ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu a tsakiyar abokan gaba. Aka taso da ayarin ceto. Manya a hedkwata sun riga sun san cewa ƙolin dutsen cike ya ke da mayaƙa, aka aika kada jirgin ceton ya sauka nan, saƙon bai kai ga matuƙi ba saboda tangarɗar sadarwa. Ya sauka, aka buɗe masa wuta. Amurkawa 7 suka rasu a kan dutsen nan. Ilimin yana nan a wani ɗaki, mai bukatarsa yana cikin iska, sarƙar da ke tsakani ta tsinke a zobe ɗaya. Malaman ruwaya sun daɗe da sanin cewa isnadi in ya yanke a mutum ɗaya, amincin sauran ba ya ɗinke shi.

Ban manta da jarumin nan Michael Murphy ba, wanda a Yuni 2005 a lardin Kunar duwatsu suka tare wa ayarinsa na mutum huɗu magana, ya fito fili inda harsashi ke zuba don wayarsa ta sami tauraro. Kiransa ya isa, shi ya rasu. Jirgin da ya amsa kiran aka harbo shi da mutum 16 a ciki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kusa da gida. Ran 4 ga Oktoba 2017, a bakin ƙauyen Tongo Tongo na jihar Tillaberi, kusa da iyakar Nijar da Mali, mayaƙa masu yawa suka yi wa wani ayari na sojan Nijar da na Amurka kwanton ɓauna. Amurkawa 4 suka mutu, da sojan Nijar aƙalla 4. Su wa suka fi waɗannan kayan magana a duk Yammacin Afirka a ran nan? Duk da haka, babban hafsan hafsoshin Amurka na lokacin, Janar Dunford, ya faɗa da bakinsa cewa sai da aka yi wajen sa'a guda ana faɗa kafin a nemi taimako, jiragen Faransa kuma suka iso bayan wajen wata sa'ar. Da suka iso ba su jefa kome ba, domin daga sama ba su iya rarrabe aboki da maƙiyi, sai shawagi ƙasa-ƙasa suka yi don su razana maharan. Gawar soja ɗaya ba a same ta ba sai bayan kwana biyu.

Binciken da Amurka ta fitar a 2018 ya ce takardar farko da aka aika wa manya ba ta faɗi ainihin abin da ayarin ya fita yi ba. Jaridun ƙasar kuma suka tono cewa, da aka sāke musu aiki a hanya, shugaban ayarin ya nuna bai amince ba, wani babbansa da ke Njamena ya ce a ci gaba. To, jama'a, a nan tauraro bai yi laifi ba. Ya kai maganar ƙasa zuwa sama, ya komo da ta sama zuwa ƙasa, ba ragi ba ƙari. Abin da ya ɗauka zuwa sama bai cika gaskiya ba, abin da ya sauko da shi kuwa umurnin wanda ba ya jin ƙishin da su ke ji ne, bai kuma ga gajiyar da ke fuskokinsu ba. Wannan ita ce illar da samarin zaurena ba su hango cikin hoton Obama ba. Dā in sarki ya tura barde, dole ya bar masa shawara, domin manzo sai ya kwana a hanya. Yau babba yana iya sa baki cikin kowane taku, yana bisa kujera, ya ɗauka allon da ke gabansa shi ne dajin. Amurkawan sun kwashe sojansu daga Nijar a 2024, amma darasin bai bi su ba, yana nan.

Akwai kuma wata. Duk mai magana ta iska yana kunna fitila ne cikin duhu. Shugaban 'yan awaren Chechniya, Dudayev, wayar tauraro ya ɗaga a Afrilu 1996, Rasha ta bi sawun maganar ta aiko masa da makami. Saboda haka gwanin sigina shi ne wanda ya san lokacin yin shiru, ya taƙaita magana, ya tashi daga inda ya yi ta. Wannan ba a sayensa da kuɗi, horo ne na shekaru.

Kada wani ya ce Malam ya hana a sayi kaya. A'a, a saya, a kuma sayi masu kyau, domin 'ya'yanmu ne a ke turawa Sambisa da tsibiran Tafkin Chadi da dazukan Zamfara, kuma tura yaro daji ba hanyar kira zalunci ne. Abin da ni ke roƙon wakilanmu masu zama kan kasafin tsaro shi ne, in an kawo musu lissafin akwatuna, su yi tambayoyin da ba su da daɗin ji. Wa ke rubuta mitoci da mabuɗai, wa kuma ke bin bayansa ya duba, kamar yadda mu ke yi wa allo kafin yaro ya wanke? Batir nawa a ke ba ayarin da zai kwana biyar? Rediyon sojan ƙasa tana jin ta matuƙin jirgi, ta Nijeriya tana jin ta Chadi da ta Kamaru in an haɗu a fage ɗaya? Da ƙarfe uku na dare wa ke zaune a ɗaya bakin, yana kuma da ikon ta da jirgi, ko sai ya jira mai gida ya farka? In ƙaramin hafsa ya ce hanyar nan ba ta biyuwa, a kan ji shi, ko a kan kira shi matsoraci?

Yaron da ya nuna mini hoton ya ce zai shiga soja baɗi, sigina ya ke so. Na ce masa ya fara da gyara rubutunsa, domin har yanzu bakwai ɗinsa da ɗaya ba su rabuwa.

Haza wasalam.