Sayen kwamfuta haɗaɗɗiya ko haɗa ta kai: tsadar RAM ta sauya lissafi

Shekaru da dama masu gyaran kwamfuta suna ba matasa shawara ɗaya: wanda ke son inji mai ƙarfi da kuɗi kaɗan ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da hannunsa. Abubuwa biyu da suka faru a ƙarshen 2025 sun sa wannan shawara ta fara rasa tushe, musamman ga mai saye a Yamai, Maraɗi, Garwa ko Njamena.

Na farko shi ne tsadar RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi nan take. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawanta a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka fara sayen ta da yawa, sai kamfanonin suka karkata masana'antunsu wajen waɗannan manyan masu saye. Cikin 'yan watanni farashin nau'in DDR5 a shagunan Turai da Amurka ya ninka, a wasu wuraren har fiye da haka. Tsohon nau'in DDR4 ma bai tsira ba, domin ana rage ƙera shi. A watan Disamba na 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayan Crucial, ɗaya daga cikin sunayen da masu haɗa kwamfuta a gida suka fi sani.

Wannan tsada ta fi taɓa mai haɗawa da kansa, domin shi a farashin ranar yake saye. Kamfanoni irin su Dell, HP da Lenovo kuwa suna saye ne da kwangilar dogon lokaci, saboda haka hauhawar kan ɗauki lokaci kafin ta bayyana a kan injinansu, ko da yake su ma sun fara gargaɗin ƙarin farashi.

Abu na biyu shi ne Windows 10. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aika mata gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: sai injin yana da kariyar TPM 2.0, sannan ƙwaƙwalwarsa ta kasance Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko makamancinta daga AMD. Ma'aikatun Turai suna zubar da injinan da ba su cika sharuɗɗan ba, kuma irin waɗannan na hannu ne ke cika kwantenoni zuwa tashoshin Lome da Duwala. Arharsu na da daɗi, amma mai sayen su don aikin ofis ko shagon buga takardu yana iya ɗaukar injin da ƙofar tsaronsa ke buɗe.

Hanyar kaya ma ta shigo cikin lissafin. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Nijar da Benin ta daina aiki yadda aka saba, kayan da a da ke bi ta Kwatano suka koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso. Mai haɗa kwamfuta yana buƙatar aƙalla abubuwa shida ko bakwai su iso lafiya kuma su dace da juna. Idan ɗaya ya zo a lalace, mayar da shi Dubai ko Faransa ya fi kuɗinsa tsada, garantin ya zama na takarda kawai.

Duk da haka, haɗaɗɗiyar ba ta rasa aibu. Injinan ofis da yawa na Dell da HP suna zuwa da akwatin wuta da babban allo masu siffar kamfanin kaɗai. A yankin da wuta ke yawan ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, ga zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, akwatin wuta na cikin abubuwan da suka fi saurin ƙonewa. Na kwamfutar da aka haɗa da hannu ana iya samun madadinsa a kasuwa, na kamfani kuwa sai an nemo irinsa. Ƙananan injinan ofis kuma ba su da wurin babban katin hoto, wanda masu tace bidiyo da zanen gini ba sa iya aiki sai da shi.

Saboda haka zaɓin ya dogara ne da aikin da za a yi. Ɗalibi, sakatare ko mai shagon intanet ya fi cin riba da injin ofis na hannu irin su OptiPlex, EliteDesk ko ThinkCentre, muddin ya duba lambar ƙwaƙwalwar kafin ya biya: i5-8500 ta cika sharaɗi, i5-6500 ba ta cika ba. Ya tabbatar RAM ɗin da ke ciki ta kai giga 8 ko 16, tunda ƙara ta yanzu ya yi tsada, ya kuma duba ko allon rubutun AZERTY ne idan da Faransanci zai yi aiki. Wanda ya riga ya mallaki tsohon inji yana iya sa masa Linux Mint ko Ubuntu kyauta. Mai aikin bidiyo ne kaɗai har yanzu haɗawa ke da amfani gare shi, shi ma gara ya fara sanin farashin RAM kafin ya sayi sauran kayan. A kowane hali, kuɗin na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke ya kamata ya shiga kasafin tun farko.