A Gwada Ledar Lantarki a Ranar Damagaram

Tun shekarar 1977, sa'ad da Shirakawa na Japan, tare da MacDiarmid da Heeger a Amurka, suka tabbatar da cewa wani nau'in roba, idan tururin aidin ya ratsa shi, yakan ɗauki lantarki, al'amarin da ya kai su ga lambar Nobel a 2000, masana ba su gushe ba suna neman hanyar da sinadarai masu asalin kabon za su yi aikin da silikon ke yi. Akan mai da su tawada, a shafa a kan leda, shafe wanda kaurinsa bai kai ɗaya bisa ɗari na silin gashi ba. A 1987 Tang da Van Slyke na kamfanin Kodak suka sa irin wannan shafe ya ba da haske, kuma shi ne asalin fuskar wayoyi masu yawa da ke hannun jama'a yau.

Amma abin da ya shafi mutumin Mirriya shi ne ɗaya fuskar, wato ledar da ke shan hasken rana ta ba da wuta. Duk wanda ya ga mai garka yana ɗora allon sola a kan amalanke, ga nauyi, ga tsoron fashewar gilashi, domin ya tayar da injin ban ruwa, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane fa'idar abin da za a naɗe a saɓa a kafaɗa. Balle ma akwai wadda haske ke ratsawa, ta yadda za a iya rataya ta bisa fangalin shuka, tsiro ya samu rabonsa, injin ya samu nasa.

Illarta kuwa sananniya ce: iska da laima da zafin rana suna cin ta, ƙarfinta ya ragu tun allon silikon yana da sauran shekaru masu yawa. To, wannan mas'ala ita ce hujjata. Inda bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa, nan ne ya cancanta a jarraba juriyarta, kuma jarrabawar ba ta neman dukiya mai yawa, illa fili, da na'urar awo, da ɗalibi mai haƙurin rubuta abin da ya gani kowace safiya.

Binciken makamashin rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, tun 1969, lokacin da duniya ba ta damu da fannin ba. Kuma yanke wutar da Najeriya ta yi wa ƙasar nan a Agustan 2023 ya isa dalili. A ganina wajibi ne Jami'ar André Salifou ta Zinder ta nemi samfuri daga masu ƙera ledar, ta kafa wurin gwaji a garaken Mirriya, bisa sharaɗin cewa sakamakon zai fita da sunayen ɗalibanta.